Ƙarfen da Gwaggo Hansai Ke Jira

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna cewa, "Baba Isuhu, ai wannan aikin ba wuya, ka danna bindiga fenti ya fito," ku jawo benci ku zauna. Wannan ƙyallin da ke ɗauke muku ido shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne mafi sauƙi. Aikin gaske yana ƙarƙashinsa: toka-tokan shafin nan da muke kira faraima, wanda ake fesa wa ƙarfe kafin a kawo launi. Tunda nake ba wanda ya taɓa yaba mini faraima. Amma ranar da ta lalace, duk garin nan sai ya san sunana.

Motar farko da aka ba ni na taɓa wata a-kori-kura ce ta mai jigilar albasa, a garejin maigidana Malam Garba, Allah Ya jiƙansa. Kada ku ɗauka bindiga ya miƙo mini. Samfefa ya ba ni, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, da bokitin ruwa, ya nuna mini ƙofar direba, ya tafi shan inuwa. Na goga har azahar, na ce na gama. Ya zo ya ce in rufe idona in shafa da tafin hannu. Na shafa, na ce sumul. Ya kama hannuna ya bi da shi a hankali, sai ga kwari da tudu inda idona ya rantse ba komai. Shekara biyu na yi a kan wannan darasi, har zanen yatsuna ya goge. Ranar da ya ba ni bindiga kuwa, ruwa ya zuba a ciki, ya ce in fesa wa katanga har sai jiƙonta ya zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Shi ne ya fara gaya mini halin faraima. Ya ce ba ta da ƙi: duk abin da ya taɓa ta sai ta shanye, gumi ne, raɓa ce, maiƙo ne. Ta shanye ta yi shiru, ka rufe ta da launi ka karɓi godiya, sai bayan mako uku ta dawo maka da abinka a gaban mutane. Na ɗauka irin zancen tsofaffi ne, na ce to.

Da na samu 'yanci daga hannun maigidana, ban da kuɗin kama gareji a bakin titi, sai na buɗe wuri a kangon da ke jikin gidanmu a Ƙofar 'Yandaka. Na kafa rumfar kwano, na zagaye gefe biyu da buhuna, gabas na bar shi buɗe don haske. Kayana duka ba su cika baro ba: tsohuwar kwamfuresa, injin ba bindiga iska, mai tari kamar mai shan taba, bindiga ɗaya da nake wankewa da tina, ruwan tsinka fenti, fiye da yadda nake wanke fuskata, robar shafa foti na cike ramukan jikin mota, da tulin tsofaffin jaridu na rufe gilashi.

Lokacin fesa faraima ɗaya ne a gidan da ba ɗakin fenti: daga sallame sallar asuba zuwa fitowar rana. A lokacin iska ba ta farka ba, mata ba su fara shara ba, awaki suna kwance. Sai in yayyafa wa ƙasa ruwa, in zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfuresa, in tace faraima da tsohon ɗankwali. In na danna bindiga sai hazo ya fito fari-fari ya tsaya a cikin rumfa, kamar ba ya son sauka. Motar da jiya take dabbare-dabbare, nan ja, nan tsatsa, nan foti, sai ta riƙa ɓacewa a hankali, ta koma abu guda mai launin sararin da ke bayanta. A wannan ɗan lokaci mota ba ta kowa ba ce. Ba tasi ba ce, ba ta Alhaji ba ce, ba ta taɓa yin hatsari ba. Nakan tsaya da bindiga a hannu ina kallo har sai na ji zakaran maƙwabta ya gaji da cara.

Aikina na farko a kangon nan wata ƙaramar mota ce ta wani malamin makaranta. Na fesa, na koma gefe ina jin kaina, sai na ga faraima tana buɗewa ƙananan ramuka-ramuka, irin wanda muke kira zanzana. Na goge na sake washegari, zanzana. Na zargi kwamfuresa, na kwance ta. Na zargi mai sayar da tina, na je har shagonsa na yi masa rashin kunyar da har yau nake jin nauyinta. A rana ta huɗu na dafa gilashin motar don takaici, na ji santsi. Na kai yatsa hanci. Man gyaɗa.

Na ɗaga kai. Daga gabas, ta buɗaɗɗen gefen rumfa, ga hayaƙi siriri yana tahowa daga gindin itacen bedin da ke ƙofar gidanmu, inda Gwaggo Hansai take suyar ƙosai tun kafin a haife ni. Ƙawar mahaifiyata ce, ta goya ni, ta san ranar da na daina fitsarin kwance. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kaskon nan shi ne gonarta. Yaya za ka je ka ce wa irin wannan hayaƙinki na ɓata mini aiki?

Na je dai, na durƙusa, muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi jikin motar malam kamar mara lafiya. Na yi ta kewaye-kewaye.

"Isuhu, mi ya hwaru?" in ji ta. "Tun ɗazu kana murza hula kamar wanda ya zo biko."

Na gaya mata. Ta dubi hayaƙin, ta dubi rumfata, ta yi dariya har da tafa hannu.

"Wai ƙarhe shina jin ƙanshin ƙosai? To Allah Ya kyauta. Har yaushe abin naka ke bushewa?"

Na ce in na gama fesawa, kamar tsawon cin tuwo da hira kaɗan.

"To ka riƙa hwaɗa mani tun da marece. Ran da za ka yi, ba ni hura wuta sai ka ce."

Haka muka ƙulla. Na rataya tsohon ƙarfen taya a jikin rumfa. Ranar fesawa Gwaggo takan zo da ƙullunta ta zauna, ta jera itace, ta ɗora kasko, ta riƙe ashana. In faraima ta kama, sai in buga ƙarfen sau uku da sifana, sannan ta ƙyasta. Na san abin da hakan ke ci mata, domin lebura da direban da ke sammako ba sa jira, gaba suke yi. Ba ta taɓa ambata ba. Waɗanda suka saba kuwa sai suka mai da abin wasa, su zauna da kwanonin kokonsu suna ɗaga murya, "Mai fenti, a buga mana, hanji na kuka!" Shekara goma sha muka yi a haka, sau biyu ko uku a mako.

Sai ga muguwar shekara, gab da ƙarshen mulkin soja. Mai ya yi wuya, motoci suna kwana a layi, wanda bai samu abin zuba wa tanki ba ina zai tuna da launin ƙofa? Na yi wata huɗu ban ga mota a kangona ba. Faraima ta daskare a gwangwani, na yanka ta da wuƙa kamar sabulu. Don kada hannuna ya mutu, na koma darasin Malam Garba, ina fesa wa katanga ruwa da asuba. A lokacin ne Gwaggo ta zama dillaliyata ba tare da na sa ta ba. Duk wanda ya tsuguna sayen ƙosai sai ta tambaye shi ko yana da wani ƙarfe mai tsatsa a gida. Ta turo mini gadon amarya, ta turo ƙyauren shago, ta turo keken ɗinki, har da akwatin ƙarfe na wani ɗan makarantar kwana. Da su muka ci tuwo a gidana. Kowane marece sai ta leƙo ta ce, "Gobe akwai ƙarhe?" In na ce babu, sai ta ce, "Za a yi."

Aka kuwa yi. Soja suka koma bariki, farar hula suka hau, gari ya cika da manyan riguna da jiniya. Kowa na son motarsa ta yi kama da sabon zamani. Da damina ta zauna sai ga wani Alhaji Lawal, tsohon ma'aikaci mazaunin GRA da ya ci zaɓe, ya aiko a kira ni. Ya sayo tsofaffin bas guda bakwai zai raba wa mutanen mazaɓarsa su yi haya, yana son a fente su launin jam'iyyarsu, fari da ratsi, kafin ranar da ya sa ta taron rabawa. Mako uku ya rage. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ko a mafarki ba.

Ya zo da kansa ya ga wuri. Na yi masa bayani cewa bas bakwai a mako uku yana nufin fesawa kullum, kuma ba asuba kaɗai ba, har hantsi. Garin nuna masa na san aikina, sai bakina ya zarce na ba shi labarin hayaƙi da ƙarfe. Ya juya ya dubi gindin bedi.

"Wannan tsohuwar ce matsalar? Bari, Malam Isuhu. Yarana za su sama mata wuri can bakin ƙofar gari, ai ma ya fi ciniki."

A nan ne ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce, ba ta kai nauyin gwangwanin tina ba. Na dubi bas ɗin farko da aka riga aka shigo da ita, na tuna wata huɗun da na yi ina fesa wa katanga ruwa, na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya ƙara girma, ranka ya daɗe." Da marece Gwaggo ta leƙo ta ce, "Gobe akwai ƙarhe?" Na ce akwai. Na ɓoye mata maganar Alhaji.

Washegari ina cikin rumfa na ji muryoyin samari a waje, na ji ana jan murhu, na ji ƙarar kasko a cikin baro. Ban fito ba. Na ƙara wa kwamfuresa wuta don kada in ji sauran. Ba ta yi musu gardama ba, daga baya aka gaya mini. Ta dai tambaya ko Isuhu ya sani, suka ce ai don aikinsa ne, ta ce to.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: faraimar da na fesa a kwana ukun nan ban taɓa fesa irinta ba, kafin nan ko bayan nan. An yi ruwa da dare, ƙasa a jiƙe, ganyen bedi na ɗiga, iska tsaf ba ƙura ba maiƙo. Hazo ya riƙa kwanciya a jikin bas kamar an shimfiɗa zane. Na rufe ido na shafa daga gaba har baya, hannuna bai ci karo da komai ba. In na gama sai hannun ya kai kansa ga sifana, sai in tuna ba wanda ke jira, in ajiye. Unguwa ta yi tsit. Ba mai kiran a buga, ba ƙanshi, sai warin tina ni kaɗai.

A rana ta uku samfefa ta ƙare, na fita da hantsi zan shiga kasuwa. Hanyar ta bi ta bakin ƙofa, ba yadda zan kauce. Na hango ta a gefen wani mai shayi, a fili ba inuwa, rana ta riga ta ɗaga. Itace a jere, kasko a kai, mai a ciki, ba wuta. Ƙullu ya kumbura a roba har ya fara tsami. Tana zaune da ashana a hannu, ta karkatar da kunne wajen unguwarmu.

Mai shayin ne ya fara magana. "Kai ne mai fentin? Malam, kwana uku ke nan. Ba ta hura wuta sai rana ta take, masu saye duk sun watse. Na yi magana har na gaji."

Na durƙusa.

"Gwaggo, me ya hana ki suya?"

"Ban ji ƙarhe ba."

"Ai nan da nisa, Gwaggo. Hayaƙin ba zai kai ba."

"To ni na sani? Iska ba ta da alƙawari. Na ce aikin babban mutum ne, kada in ɓata maka." Ta gyara ɗankwali. "Daga nan ana jin shi sarai, in ka buga. Na ɗauka aikin ne ya yi yawa ba ka gama ba."

Ba zagi, ba gori. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan ƙullun da ya lalace.

Ban je kasuwa ba. Na koma na yaye jaridun gilashin bas ta uku, wadda faraimarta ta bushe da safen nan, na tuƙo ta haka toka-toka har bakin ƙofa. Ni da mai shayi muka ɗora murhu da itace da kasko. Gwaggo tana cewa, "Isuhu, kai da Alhaji hwa?" ina cewa ta hau kawai. Ta zauna a gaba, robar ƙullu a cinya, tana kallon unguwarta ta gilashi kamar wadda ta dawo daga wata ƙasa. Da muka iso gindin bedi, garin sauka ta dafa ƙofar bas ta waje da hannun da ta riƙe galan ɗin mai. Na ga wurin ya yi duhu, yatsu biyar da tafi, ina kallo faraima ta shanye.

Da la'asar na tafi GRA. Na ce wa Alhaji na mayar da tsohuwa wurinta, sauran aikin zan kai shi filin wani abokina a Kambarawa in ƙarasa a can, in kuma bai yarda ba ga makullansa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ikon Allah. Ni don kai na yi, Malam Isuhu. Da na faɗa ai ba ka ce komai ba."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Lokaci ya ƙure masa, bai da zaɓi, ya ce in dai ranar taro ba ta motsa ba, in kai su ko bayan gari ne.

Kambarawa ta gasa mini gyaɗa a hannu. Fili ne fetal, ba wuta, na yi hayar janareto, na kafa tamfol iska na fizge shi, hadari ya kore ni sau biyu da bindiga a hannu. Ribar da na hango rabinta ta tafi a nan. Amma bas bakwai sun fita ranar da aka ce, an yi taro, an yi tafi, an ɗauki hoto.

Ita kuwa ƙofar bas ɗin da Gwaggo ta dafa, na san abin da ake yi mata. Gogewa ake yi har sai an ga farin ƙarfe, a wanke da tina, a sake faraima. Aikin rabin awa ne, kuma Malam Garba da yana raye da ya tsinke ni da mari in na bar shi. Na ɗauki samfefa na tsaya a gabanta, na ajiye. Na fesa fari a kai. Bayan mako uku, daidai yadda ya faɗa, faraima ta dawo da abinta: hannu ya fito a jikin ƙofar, fentin wurin ya yi ƙuraje-ƙuraje, yatsu biyar ba wanda ya ɓace. Shi ne aiki ɗaya tak da na ɓata da gangan a rayuwata.

Gwaggo ta ƙara shekara huɗu a gindin bedi, muna ƙarfenmu kamar da. Maganar bakin ƙofa ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ban iya ba. Bayan rasuwarta ne na dawo nan bakin titi, na taho da ƙarfen, ga shi can rataye, wanda kuke tambaya na mene ne.

Wata rana, ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗinta ba, sai ga wata bas ta tsaya a nan, ta sha hanyar Jibiya har ta gode Allah, ratsin jam'iyya duk ya koɗe. Direban ya sauko ya ce, "Baba, duk jikin zan yi daga baya, amma yanzu ga wani tabo a ƙofa kamar hannun mutum, fasinja sai tambaya suke. Nawa za ka goge mini shi?"

Na zagaya na duba. Na rufe ido, na ɗora tafina a kai. Nata ya fi nawa ƙanƙanta.

Na ce masa, "Akwai mai fenti a gaba, ɗana. Ni wannan ba na iya shi."